Jiragen Yaƙin Mushe da Rumbun da Ya Liƙe

Bana ma ruwa ya yi nawa. Watan bakwai na manoma ya fita, na takwas ya raba, shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiyar masallaci, amma sama fayau kamar an wanke ƙwarya. Da la'asar hadari kan taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mata su ruga su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙasa a ido. Wannan zafin da ke sa jaki ya tsaya tsakiyar rana ya rasa inda zai nufa, na san shi. Mun taɓa zama da shi a nan garin namu, arewa da Gidan Sori, shekarar da Najeriya ta rufe boda, kuma tun daga lokacin ba mu shirya ba.

Sai dai ba zafin ne ya fama mini tsohon miki ba. Jikanyata ce, Nana, ɗiyar ɗana Sani. Ba a daɗe da yaye ta ba, ga shi hatsin uwarta ya ƙare, kullum sai garin rogo da ganye. Wuyan yarinyar ya fara sirancewa, gashinta ya fara ja. A tsakar gida kuma ga babban rumbu nan tsaye, da hatsi a cikinsa, bakinsa a liƙe da laka. Na taɓa ganin waɗannan abubuwa biyu a gida ɗaya, ƙaramar yarinya mai jan gashi da rumbu a liƙe, kuma na san inda labarin ya ƙare.

Ga wanda bai san al'adarmu ba, gona a wajenmu iri biyu ce. Akwai gandu, babbar gonar gida wadda kowa ke noma wa maigida, akwai kuma gamana, 'yar gonar da ake yanka wa mace. In an yi girbi hatsin gandu ya shiga babban rumbu, maigida ya ba matarsa rabonta na rani, sai ya kwaɓa laka ya liƙe bakin. Ba a sake buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, don a ciki za a ɗebi iri, da shi za a ciyar da masu noma. Rani kuwa, mace ta san yadda za ta yi da kanta da 'ya'yanta. Kuma mace ba ta leƙa rumbun gandu, ko tsaninsa ba ta taɓawa.

Mai gidana, Allah ya jiƙansa tunda an ce a roƙa wa mamaci, Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a nan Nijar, ko da yake bai taɓa koyar da ɗan kowa ba. Ya dai yi lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi, ya yi aiki a buro, ofishin masu auna hanya, yana kwafe musu taswira, har ubansa ya rasu aka kira shi gida ya riƙe gandu. Abin da ya dawo da shi daga birni bai wuce keke da rediyo da katakon jan layi ba, sai wani tsohon littafi da Nasaran buron ya bar masa, cike da hotunan jiragen ruwa na yaƙi irin na zamanin kakanninmu, masu cin gawayi suna fitar da hayaƙi ta dogayen bututu. Wannan littafin shi ya shiga kansa bai fita ba.

Ba kwafar na littafin yake yi ba, ya ce wannan aikin yara ne. Nasa yake ƙirƙira, waɗanda ba a taɓa ƙerawa ba kuma ba za a ƙera ba. Sai ya samo takardar buhun siminti, ya yayyafa mata ruwa, ya danne ta ƙarƙashin tabarma har ta miƙe. Ya zauna gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da fensir, ya yi ta lissafi: igwa nawa jirgin zai ɗauka, wace za ta kalli gaba wace baya, gawayi nawa zai ci kafin ya ƙetare teku, nauyinsa nawa. Ya sa musu suna, wannan Gobir, wancan Tsibiri, wani Cadakori. Mutumin da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne Gulbi in ya kawo! Kifin rijiya sosai. Abokansa kan wuce su ce, “Mushe, yaushe za a sa Gobir ruwa, ko sai tabkin bayan gari ya cika?” Shi kuwa ya yi murmushi ya ci gaba da jan layi.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ban ƙi abin ba a lokacin. Mazan wasu caca suke yi, nawa takarda yake ɓatawa. Wata rana da kaka, muna cikin ƙoshi, na kai masa fura na tsaya ina kallo. Na lura kowane jirgi tsakiyarsa baƙi ne, ya goge shi da fensir har yana ƙyalli, amma gaba da baya fari.

Na ce, “Maigida, mi ya sa kullum cikin kaɗai kaka yi ma baƙi?”

Ya ji daɗin tambayar, har ya matsa mini tabarma. Ya ce, “Zamna ki gani. Baƙin ga sulke na, ƙarhe mai kabri. Nan ɗakin albarushi yake, nan ɗakin wuta. In harsashi ya sami wurin ga, jirgi ya ƙare. Shi ya sa aka tara ƙarhen duka nan.”

“To ka yi mai baƙi duka mana, hankali kwance.”

“Ba ya yiwuwa. In ka lulluɓe shi duka, nauyi ya yi mai yawa, ya nutse tun bai bar gaɓa ba. Dole ka zaɓa. Hanci da wutsiya a bar su, harsashi ya huda su ya wuce, jirgi dai ya koma gida.”

Na ce, “To mutanen da ke zamne hanci da wutsiya fa?”

Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Ya ce, “Ke dai! Takarda ta, babu kowa ciki.”

Ni ma na yi dariya ranar. Yanzu in na tuna, bakina ɗaci yake yi.

Daminar da ta jawo mana bala'in, sau uku muka yi shuka. Ta farko ta tsiro ta ƙone. Ta biyu iska ta binne ta da rairayi. Ta uku ta kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, hatsi ya tsaya yana kallonmu muna kallonsa har ya bushe a tsaye. Gamanata abin da ta ba ni, yaro ma zai ɗauka a ka. Gandu ya ɗan taɓuka a wajen kwari, ga kuma ragowar na bara da Mushe bai taɓa ba, don shi mutum ne mai lissafi. Duka dai bai kai rabin rumbu ba. Ya auna mini rabona, ya kwaɓa laka ya liƙe. Na ga har hannu biyu ya yi wa lakar, ya shafe ta sumul.

'Ya'yanmu uku a lokacin. Babbansu da Sani sun isa riƙe hauya. Sai autar, Hajo, tana tafiya dagwai-dagwai, ba ta gama iya magana ba. Komai ta gani a ƙwarya sai ta ce “unu,” wato kunu.

Da shekarar lafiya ce, da maza sun tafi cin rani Katsina ko Kano sun aiko da ɗan abin da ya samu. Amma boda a rufe, waɗanda suka bi ta daji ma korowa ake yi. Sai maza suka zauna a gida suna kallon mata, mata suna kallon tukunya. Rabona na yi ta jan sa kamar ƙaramin zane, in rufe nan can ya buɗe, har sanyi ya wuce. Zafi na shigowa ya ƙare ƙaf.

Daga nan rayuwa ta koma abu ɗaya kullum. Da asuba rijiya, wadda ta ja baya har sai an ɗaura igiya a kan igiya, guga ya fito da rabin laka. Rana na fitowa mu ɗaura yara a baya mu nufi daji a ayari, mata goma ko fiye, neman anza. Anza 'ya'yan wani ƙaramin icce ne da ko akuya ba ta so, ɗacinsu ya wuce misali. Sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa, a zubar da ruwan a sake wani, kwana da kwanaki, a shekarar da ruwan kansa ya zama abin nema. Wasu na tona gidan tururuwa su kwashe abin da ta tara. Wasu na sussukar ƙarangiya, hannu duk ƙaya. Da azahar ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta, mu dawo, mu dafa abin da muka jiƙa tun shekaranjiya. Wadda tata ta yi daɗin ci ta sammaka, gobe kai ma ka sam mata. Warin mushen dabbobi kuwa ya cika bayan gari, har muka daina jin sa.

Akwai wata Bafillatana, Dudu, da suke sauka kusa da gonarmu. Ita ke kawo mini nono, ko da ban da hatsin musaya takan zuba wa Hajo a ludayi. Wata safiya ta zo da ƙwarya wayam. Ta ce, “Nagge waati,” wato saniyar ta mutu, ta ƙarshen ke nan. Ta ce za su yi kudu. Ta shafa kan Hajo ta tafi, ban sake ganinta ba. Nonona ni ma ya riga ya ƙafe.

Manya cikinsu na ɗaukar anza, ko da murɗa. Na Hajo ya ƙi. Zawo ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi. Mushe ya kai keke kasuwar Cadakori ya dawo a ƙasa da garin rogo, daga baya rediyo ma ya bi. Wannan na shaide shi. Shi ma ya rame har wandonsa sai da igiya, kuma sau da yawa yakan tura wa yara nasa kason. Amma garin rogo ba ya riƙe yaro. Tsofaffi duk sun faɗa mini, kunun hatsi take so, mai ɗan kauri, safe da yamma. Na goya ta na taka har garin iyayena wajen Sae Sabuwa, na tarar da gidan an ja ƙaya a ƙofa, sun yi kudu su ma. Na juyo. Hatsin da ya rage mini a duniya shi ne wanda ke tsakar gidana.

Na sami Mushe gindin bedi da hantsi. Yana zane. Duk da yunwar da ke cinsa, layin nan sai da ya miƙe. Na durƙusa, abin da ban saba ba.

Na ce, “Maigida, dami guda nika roƙo. Ba don ni ba.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “In na hwasa lakar ga yanzu, kahin la'asar gari duka ya ji. Ƙannena na nan da ɗiyansu, ga gwaggo, ga maƙwabta. Wa za ni hana? Rumbu liƙe ba a roƙo nai, amma in an buɗe, ya zama na kowa. Sati guda ya ƙare. Sannan ruwa ya sauka, mi za mu shibka? Mi yaran ga za su ci su riƙe hauya?”

“Guda nic ce.”

“Wanda ya hidda guda ya hidda goma. Na yi lissahi, na sake. Iri da abincin noma, daidai yake, babu rara.”

Na dubi takardar da ke gabansa. Tsakiya baƙi, gaba da baya fari.

Na ce, “Ashe Hajo ita ta wutsiyar.”

Ya ajiye fensir. Na ɗauka zai mare ni, da ma ya yi, da na sami abin riƙewa. Sai ya ce a hankali, “Ki yi haƙuri. Ruwa ya kusa.”

Na je wajen gwaggonsa, tsohuwar da yake jin maganarta. Ta saurare ni tsaf ta ce, “Ɗiyata, haka munka taras. Gida aka tsarewa, ba mutum guda ba. Allah ya ba ki wata.” Tun Hajo na numfashi a bayana take yi mini addu'ar wata.

Ranar da ta tafi ina tsugune ina sauya wa anza ruwa, tana goye. Ta ce “unu” sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Na ce to, yanzu. Can sai na ji goyon ya yi nauyi, irin nauyin da yaro mai barci ba ya yi. Ban kwance zanen ba sai da maƙwabciyata ta zo ta kwance mini.

Mushe ya ɗauke ta da hannunsa ya kai makabarta. Da za su fita da ita, ta gefen rumbun suka bi, don nan ce hanya.

Ba a jima ba ruwa ya sauka, irin mai yawan nan da ke sa ƙasa ƙamshi. Yara suka fita tsirara suna ihu. Da safe Mushe ya jingina tsani ya fasa lakar, ƙamshin hatsi ya bugi gidan har jiri ya ɗebe ni. Ni na sussuka damin farko, ni na daka, ni na dama. Na kai wa masu shuka gona a kaina. Ban iya sha ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ne dalilin da har gobe ban huce ba: lissafinsa ya fita daidai. Damina ta yi kyau. Waɗanda suka cinye irinsu suka rasa abin shukawa, wasu suka jinginar da gona ba su sake karɓa ba, wasu suka yi ƙwadago a gonar wasu tasu ta cika da ciyawa. Mu kuwa muka cika rumbu har da ƙari. Da shekara ta zagayo, ƙannensa ma a wurinsa suka sami iri. Gari ya ɗauka, Mushe mai hangen nesa, Mushe da ya fid da gidansa. Masu yi masa dariyar jirgi suka koma kawo masa shawara. Da gara ta cinye hatsin nan ta ƙasa, ko da shukar ta sake ƙonewa, da na sami bakin magana. Allah bai ba ni ko wannan ba. Kowa ya ce ya yi daidai, ni kaɗai na san da me aka biya.

Bayan girbi ya kira ni gindin bedi ya miƙo mini takarda. Jirgi ne, amma ba irin na da ba. Baƙi ne tun daga hanci har wutsiya, ya goge shi har takardar ta kusa hujewa. A ƙasa ya rubuta suna. Ban yi lakol ba, amma ban tambaya ba, na san sunan.

Ya ce, “Wanga na sa mai sulke ko'ina.”

Na ce, “Shina tahiya?”

Ya ce, “A'a. Na yi lissahi. Nutsewa shikai.”

Ban sani ba ko haƙuri yake ba ni, ko nuna mini yake har yanzu shi ke da gaskiya. Wataƙila shi ma bai sani ba. Na ce, “Kunu ta roƙa, ba jirgi ba.” Na naɗe takardar na jefa ƙasan adaka. Bai sake zane ba. Muka ƙara shekaru masu yawa tare, na haifa masa biyu, na yi masa tuwo, na yi jinyarsa, na yi masa takaba. Ba mu sake ɗaga maganar ba. Sauran jiragen kuwa, Gobir da Tsibiri da Cadakori, gara ta ci wasu, wasu aka ƙunsa ƙosai da su.

Yanzu zamani ya sauya, an ce. Akwai babur, akwai waya, yaro na Libiya ya turo kuɗi ka karɓa a Tsibiri. Amma babban ɗana da ke can shiru tun sanyi, tiyar hatsi a kasuwa ta fi ƙarfin talaka, laka kuwa ba ta sauya ba.

Shekaranjiya da hantsi na ji Balki, matar Sani, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa a bakin rumbu, Nana na goye. Ban ji abin da ta ce ba, ba na kuma bukata. Amsarsa na ji. Ya ce, “Ki yi haƙuri, ruwa ya kusa. Haka Baba ya yi shekarar yunwa, shi ya hisshe mu.”

Na fito. Na ce, “Ya hisshe ku. Kai kana cikin sulke, shi ya sa kaka ganin kowa ya hita. Ku nawa na haihwa kahin shekarar nan?”

Ya san Hajo, shi ke ɗaukar ta a kafaɗa.

Gwiwata ba ta hawa tsani, kuma ban nemi tsani ba. Gatarin faskare na ɗauka. Sani ya ce, “Inna, mace ba ta...” Na ce ya zo ya riƙe hannun uwarsa in ya isa. Na sari rumbun a ciki, daidai inda lakar ta fi kauri. Sara na farko ya ƙi, na biyu ya tsage, ban san na nawa ne ya huda ba. Zangarniya ta leƙo. Balki ta dafe baki, maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Na ce su kalla da kyau, gari duka ya ji.

Balki ta sussuka ta daka. Icce ya ƙi kamawa, sai na shiga ɗaki na buɗe adaka na ɗauko baƙin jirgin, na murɗe shi na tura a murhu. Takardar siminti tana kama wuta da kyau.

Sani na tsaye yana kallon ramin da na yi, ga gwaggonsa, ƙanwar ubansa, can ta shigo da ƙwarya a hannu, wata na biye da ita. Ya ce, “Inna, in hatsin ga ya ƙare ruwa bai zo ba fa? Mi za mu shibka?”

Tambayar gaskiya ce, amma ni ba lissafi na iya ba. Ubansa ne mai lissafi.

Na ce, “Sai mu nutse gaba ɗaya.”

Har yau da nake wannan magana ruwa bai sauka ba, rumbun kuma yana ta ja baya. Nana ta sha kunu da safe, za ta sha da yamma.